Zaren Jijiya

Anfisa ta dangwarar da takalmin a kan tebur, ta zura yatsa inda ɗinkin ya buɗe, ta tambayi Yefim, saurayin da za ta aura, wa ya shigo da zaren roba ɗakin ɗinkinta.

Bai musa ba. Ya ce wani kanti a birnin Murmansk ya nemi takalma da yawa kafin bikin aurensu. Shi kuma ya ga tsofaffin mata tara da ke mata ɗinki suna cinye rabin yini wajen murza jijiyar barewa a kunci don ta zama zare, sai ya ba biyu daga cikinsu zaren kanti a ɓoye.

Ita jijiya in ta jiƙa kumbura take, ta toshe hudar allura. Roba ba ruwanta. Ɗaya daga cikin takalman bai tafi kanti ba, Gavril yayan Anfisa ne ya sa shi ya bi garken barewar da suke kiwo. Ruwa ya shiga, sanyin ƙanƙara ya kama ƙafar, likita ya cire masa yatsu biyu.

"Anfisa, masoyiyata... wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Magana ta zaga garinsu, Lovozero. Makiyaya suka daina kawo fata, suka daina saye. Ɗakin nan kuwa shi ke ciyar da gidaje tara, yawancinsu zawarawa masu riƙon jikoki. Mahaifin Anfisa ya ce kada ya ƙara jin sunan yaron. Ta aika wa Yefim an fasa auren. Ta yi kukanta kwana biyu, a na uku ta zauna farke duk abin da roba ta taɓa.

Ran Litinin sai ga shi a bakin ƙofa, hula a hannu, wai a ba shi aiki. Kaka Domna, babbar matan ɗinkin, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ɗan birni, da wannan tsintsiyar za ka murza jijiya? Je ka aske tukuna."

Ya aske gemun, ya dawo. Namiji bai taɓa zama a cikinsu ba. Wata biyu yana tsaga jijiya da haƙori, yana murzawa har kuncinsa ya saɓule, tsofaffi na kiransa amarya. Anfisa ce mai duba aikinsa. Takan ja zarensa, in ya tsinke ta wurga murhu.

Da Gavril ya fara takawa, ya shigo da sanda, ya ce a ɗinka masa sabon takalmi da zaren mutumin nan.

"In ruwa ya shiga, Yefim, ka bar garin nan. In bai shiga ba, ni zan yi wa baba magana."

Anfisa ta ɗinka da hannunta. Kwana goma Gavril yana daji lokacin narkewar ƙanƙara.

Ya dawo, ya tuɓe takalmin a gaban mata, ya zaro ciyawar da ake shimfiɗawa a ciki. Anfisa ta matse ta a tafinta. A bushe take. Ta koma kan ɗinkinta, ta matsa wa Yefim wuri a benci.

Makiyaya suka dawo da fata ɗaya bayan ɗaya. Da bazara aka yi bikin aurensu. Mahaifinta bai zo ba. Gavril ne ya rako ta, yana ɗingishi.