Mai Lissafin Taurari Daga Matankari

Mubarika na tankaɗen gero a tsakar gida Alhaji Abdulwahid, mahaifinta, ya shigo fuska a murtuke.

"Ke! Wanga yaro Ma'azu da ke son ki, mi ag aikinai?"

"Baba, doktora shikai a jami'a. Lissafin taurari shikai cikin ordinatar."

"Lissahin taurari! Ɗan Matankari, jikan 'yar bori? Ni ba ni ba da ɗiyata ga maduba!"

Hawaye suka zubo mata, don tun suna lise, wato makarantar sakandare, take son Ma'azu. Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne a Dogondutsi mai tsananin riƙo da sunna, ko laya ba ya bari a shigo masa da ita gida. Ga ƙannensa mata suna ta zuga shi, wai an ga wasu fararen ɗigo kamar aljannu na juyawa cikin ordinatar, wato kwamfutar yaron. Duk kukan da ta sha, Mubarika ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Roƙonta ɗaya ne, ya kira shi ya gani da idonsa.

Ranar Asabar da hantsi Ma'azu ya durƙusa a zaure, ya buɗe na'urar. Ya nuna tarin taurari biyu suna kusantar juna, ya ce lissafinsa na gano yadda za su haɗe bayan miliyoyin shekaru.

Alhaji ya yi wani murmushi, ya sassauta murya. "Madalla. To duba mani, auren ga naku shina da albarka? In ka ce e, yau na ba ka ita."

Mubarika na laɓe bayan ƙofa, ta kasa kunne. Kalma ɗaya tak fa!

Ma'azu ya dubi taurarin da ke juyawa a na'urar. Can ya rufe na'urar.

"Baba, ban sani ba. Tauraro wuta ce da iska, nauyinta da tafiyarta nika aunawa. Gobena Allah kaɗai yas san ta. Ina son Mubarika, amma ba ni karɓar ta da ƙarya."

Ya miƙe zai fita.

"Zamna, ɗana," in ji Alhaji. "Da ka ce e, da yau ka bar gidan ga har abada. Tura magabatanka."

Bayan ƙofa Mubarika ta fashe da kukan daɗi. Ta yi haƙuri da zargin mahaifi, shi kuma ya ƙi sayen aure da ƙarya, Allah bai bar su sun taɓe ba.