Santimita Biyar na Malama Gunvor

Jama'ata 'yan amana, masu bibiyata ko na yi sati ban leƙo ba, barkanku da sanyi! Ku zuba kofi ku gyara zama, yau na zo muku da na ƙauyenmu Ulvdal. Wanda ya gano mai laifi tun da wuri ya kama bakinsa, kar ya ɓata wa sauran.

Ranar Laraba da ƙarfe goma da kwata, Sufeto Torleif Aarset yana yanka cuku a kan burodi waya ta yi ƙara. Ƙanƙara ta zaftaro a gabashin dutsen Skarvtind, ta binne wani ɗan zamiya, irin masu ɗaura katako a ƙafa su zame a kan ƙanƙara. Sunansa Eskil Brattli, ma'aikacin jinya ne daga Bergen. An tono shi da rai, amma ƙashin bayansa ya karye, likitoci ba su ce zai sake takawa ba.

Abin da ya kawo shi dutsen kuwa shafin intanet na Malama Gunvor ne. Tsohuwar malamar firamare ce, shekararta saba'in ba ɗaya. Kullum ƙarfe shida na safe takan rubuta yawan ƙanƙarar da ta zuba a saman dutse, da ƙarfin iska, da matakin haɗari daga ɗaya zuwa biyar. Ran nan ta rubuta: sabuwar ƙanƙara santimita biyar, iska daga yamma, haɗari mataki na biyu. Masu ceto kuwa kusan rabin mita suka tarar.

Kafin azahar shugaban 'yan sandan yanki ya bugo.

"Torleif, sakaci ne ƙarara. Juma'a da tsakar rana ina son fayil da sunan matar nan a teburin mai gabatar da ƙara."

"Yallaɓai, ko tambayarta ban yi ba."

"To yi ka kawo."

Ƙit, ya kashe. Sufeto ya dubi burodin, ya ji ya fita ransa.

Malama Gunvor ta buɗe masa ƙofa da sandar dogarawa a hannu. Ita ta koya masa karatu, kuma har yau ba ta daina yi masa kallon ɗan aji uku ba.

"Cire takalmi, Torleif. Kama ni ka zo yi, ba ɓata mini tsakar ɗaki ba."

"Malama, me ya sa kika rubuta biyar?"

"Don biyar na gani."

"A ina?"

"A na'urar ƙungiyar 'yan zamiya da ke sama. Gwiwata ta daina hawa dutse, a nan bakin ruwa kuma ka ga ruwan sama ake yi. Lambar da na'ura ta aiko mini ƙarfe shida, ita nake rubutawa."

"Iskar fa? Kin ga tana da ƙarfi, kika ce mataki na biyu."

"Kai dai tun kana yaro ba ka saurare. Iska ɓarauniya ce. In ta samu kaya sai ta kwashe daga yamma ta jibge a gabas, a nan yake jiran ƙafar mutum ya zaftare. Na ga ɓarauniya, ban ga kayan da za ta ɗauka ba. Da na ga arba'in, huɗu zan rubuta, in ce kowa ya zauna gida."

Ta juyo masa da wayarta. Saƙonni sun fi ɗari uku. Wani ya ce ta koma saƙa safa, wani ya kira ta mai kisan kai. Ta kife wayar a tebur.

"Sau uku bana kafin yau ana ce mini ƙanƙarar sama ta fi abin da na rubuta. Na gaya wa Oddvar, ya ce na'ura lafiyarta lau."

Oddvar Hovde shi ne shugaban ƙungiyar, shi ke kula da na'urar. Washegari da safe Sufeto da Kofur Ragnhild suka same shi a shagonsa yana goga wa katakon zamiya kakin zuma.

"Na'urar ta lalace," in ji shi. "Na daɗe da gaya wa Malama kar ta dogara da ita."

"Ita kuma ta ce lafiya lau ka ce mata."

"Tsufa ai ba ya sallama, Sufeto."

"Yaushe ka duba ta?"

"Watan jiya."

Kofur Ragnhild ba ta da yawan magana. Ta ja kwamfutar shagon gabanta, ta buɗe bayanan na'urar, ta juyo musu da ita.

"Oga, rabon da a buɗe shafin gyara tun Oktoba. Kuma na'urar da ta lalace ba ta yin haka."

Layi ne yana hawa a hankali tun daga yammacin Talata: goma, ashirin da biyar, arba'in da bakwai. Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Laraba, cikin minti goma sha biyu, ya faɗo zuwa biyar.

"Iska ce ta share," in ji Oddvar da sauri.

"Ɗazu na'ura ce, yanzu iska. In na ƙara minti biyu aljanu za ka ce," in ji Sufeto. "Wace iska ce ke da agogo? Ragnhild, sau nawa ta yi haka?"

"Huɗu. Bakwai ga Janairu, ashirin da uku ga Janairu, goma sha ɗaya ga Fabrairu, sai jiya. Duk ranakun da aka fi zuba ƙanƙara, duk kafin ƙarfe shida."

Oddvar ya koma guga, kamar katakon ne ya yi masa laifi. Lalacinsa yake ɓoyewa, ya gwammace a jefa tsohuwa a rami da a ce bai yi aikinsa ba. Sufeto ya yi tsaki ya fita.

Daga nan suka biya wajen gwarzon gari, Kjartan Moldskred, kafinta kuma ɗan sa-kai a ƙungiyar ceto. Shi ya tono Eskil cikin minti takwas. Tun jiya mata ke kai masa waina, teburinsa har ya cika.

"Ina cikin kurmi ta kudu na ji rugugi," in ji shi. "Na ruga. Kowa ma haka zai yi."

"Ƙarfe nawa ka fara hawa?"

"Tara. Ni da sammako ba ma ga maciji, tambayi matata."

"Ka ga mutumin kafin abin ya faru?"

"Ban gan shi ba. Amma Sufeto, a faɗi gaskiya, 'yan Bergen ɗin nan sun ishe mu. Da Malama ta rubuta talatin, mota ɗari ce a bakin hanya. Kafin ka ɗaura takalmi sun mayar da dutse kamar gonar da aka yi wa huɗa."

"Na gode. Ci wainarka."

A mota Sufeto ya dafe kai. Saura kwana ɗaya, kuma abin da ke hannunsa layi ne a kwamfuta.

"Sai mun hau, Oga," in ji Ragnhild.

Nan fa ake yin ta! Jama'a, ana cewa ɗan ƙasarmu da katakon zamiya a ƙafa ake haifarsa. To Torleif Aarset ranar da aka yi rabo yana bayan gida. Hawan da yara ke yi cikin awa ɗaya ya ɗauke shi biyu da rabi. Ya faɗi sau shida, ya zagi dutsen, ya zagi katakon, ya zagi wanda ya ƙirƙiro shi. Wata kaka ta wuce shi da karenta, ta ce, "Sannu da rarrafe, Sufeto."

Na'urar tana kan wani fili, sanda ce doguwa mai ido yana kallon ƙasa, yana auna tudun ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa. Ko'ina ƙanƙara har cinya. A ƙarƙashin idon kuwa rami ne mai kusurwa huɗu, tsaf kamar kabari, an jibge abin da aka kwashe a bayan wani dutse.

"Ga iskar Oddvar," in ji Sufeto yana haki. "Har da shebur take yawo."

Ragnhild ta durƙusa. A jikin kowane yanka akwai wani siririn layi da ya taso, alamar bakin shebur ɗin yana da giɓi. Ta ɗauki hoto.

"Madalla," in ji Sufeto. "Gari mai mutum ɗari tara, kowa da shebur a jakar baya. Har limamin coci. Mu fara daga ina?"

Ya jingina da bukkar ƙungiya don ya huta, gwiwar hannunsa ta bugi akwatin ƙarfen da ke jikin bango. Kun san shi ai, akwatin littafi. Duk wanda ya hau ya rubuta suna, rana da lokaci, a ƙarshen hunturu wanda ya fi yawan hawa ya ɗauki kofin ƙungiya. Mutumin Ulvdal zai iya manta ranar haihuwar matarsa, amma ba zai wuce akwatin nan bai sa hannu ba.

Sufeto ya cire safar hannu ya buɗe littafin. Shafin Laraba babu, an yage shi. Ya koma baya, yana tofa wa yatsa yawu. Bakwai ga Janairu. Ashirin da uku. Goma sha ɗaya ga Fabrairu. Ya rufe littafin ya cusa cikin riga.

"Ragnhild, akwai wata hanyar sauka wadda ba ta katako ba?"

"Babu, Oga."

Juma'a da ƙarfe tara suka koma shagon Kjartan. Sufeto yana ɗingishi, ya ja kujera ya zauna ba a ba shi ba.

"Miƙo shebur ɗinka, gwarzo. Ina son in ga abin da ya ceci rai."

Kjartan ya ciro shi daga jaka yana murmushi. Ragnhild ta karɓa, ta bi bakinsa da yatsa, ta tsaya a kan giɓi. Ta ajiye hoton jiya kusa da shi.

"Shebur nawa ne a garin nan masu giɓi?" in ji Kjartan.

"Da yawa. Shi ya sa na zo da karatu." Sufeto ya buɗe littafin. "Bakwai ga Janairu, shida saura minti goma. Kjartan Moldskred. 'Har gwiwa, kuma ni kaɗai.' Ashirin da uku, shida saura kwata. 'Yau ma 'yan Bergen suna barci.' In ci gaba? Kai da ba ka ga maciji da sammako."

Murmushin ya bushe.

"Na Laraba ka yage. Me ya hana ka yage sauran ukun?"

Kjartan ya ce ƙasa-ƙasa, "Da biyu kawai na fi na bayana."

"Kofi!" Sufeto ya buga tebur, waina ta yi tsalle. "Kofin gwangwani! Na faɗi sau goma sha ɗaya a dutsen nan, hawa da sauka, tsohuwa tana can ana kiranta mai kisan kai, kai kana nan kana lissafin kofi!"

"Ban yi don a ji ciwo ba, Torleif. Safiya ɗaya kawai nake so, dutse fari fes, babu sawun kowa. In suka ga biyar ba sa zuwa. Sau uku na yi, ba wanda ya zo."

"Na huɗu wani ya zo. Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Kjartan ya zauna a kan tarin katako, ya rufe fuska da hannu.

"Mun haɗu a kafaɗar dutse. Ta yamma ya hawo, inda iska ta share, bai ga komai ba. Ya ce, 'Ɗan gari, gabas ta yi kyau?'"

"Ka ce masa me?"

"Na ce, 'Me Malama ta rubuta?' Ya ce biyu. Na ɗaga kafaɗa na wuce."

"Kai kuma ka shige kurmi, inda ba ya zaftarewa."

"Ban ce masa ya je ba."

"Ba ka kuma ce kar ya je ba."

"Ni na tono shi!" Ya ɗaga hannunsa. "Da hannun nan nawa. Yana buɗe ido ya ce mini na gode. Kwana biyu ke nan ina jin na goden nan."

Ragnhild ta sa shebur ɗin a leda ta rubuta masa lamba. Sufeto ya miƙe da ƙyar, ya faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi, ya ce ya ɗauko rigar sanyi. Matar Kjartan tana tsaye a bakin ƙofa da wani farantin da maƙwabciya ta aiko, ta rasa inda za ta ajiye shi. Suka wuce ta gabanta, Kjartan bai ɗago kai ba har aka rufe masa ƙofar mota.

Fayil ya isa teburin mai gabatar da ƙara saura minti ashirin tsakar rana. Babu sunan Malama Gunvor a ciki sai a layin shaidu.

To jama'ata, ga tambaya, kuma ban da wayon bayan fage. Eskil yana can kwance a Bergen, ya fara magana, kullum sai ya tambayi ma'aikatan asibiti lambar mutumin da ya tono shi, wai yana so ya gode masa da kyau. An ce wa Sufeto shi zai je ya yi masa bayani. Da kai ne ko ke ce a bakin gadon nan, da wace kalma za ku fara?