Saura Kashi Ɗaya

Tunda Zaituna ta tare a gidan nan na Koki ba ta taɓa yi wa surukarta musu ba, sai ranar da Inna Hajo ta ce a saka mata faifan ƙarshe.

"Inna, ki yi haƙuri... wannan ɗin kam ba zan iya ba."

Tsohuwar ta juya fuskarta bango, ta ce ai shi ke nan, dama wanda idonsa ya tafi sai abin da aka ga dama ake yi masa. Zaituna ta fito tsakar gida ta tsaya jikin randa, zuciyarta kamar ta fashe.

Tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin, tun kafin a haifi Zaituna aka yi shi, kashi arba'in cif, na rigimar wa da ƙani a kan gidan gado. Mijinta Musbahu ne ya sayo faifayen a bakin kasuwar Kurmi lokacin da aka sa dokar hana fita, bayan hare-haren da suka girgiza Kano. Ango da amarya, ba fita ba baƙi, sai suka duƙufa kallo. Inna Hajo da yanar ido ta rufe wa gani tana kan tabarma tana sauraro, Musbahu na faɗa mata wa ya shigo, wa ya harari wa. Rabin bayanin ƙari ne kawai daga bakinsa, har sai ta kai masa dukan mafici.

Da aka buɗe hanya ya koma tuƙin motar busasshen kifi daga Baga, sai kallon ya koma sai yana gida, kuma an kawo wuta. Shekara guda da 'yan kai suka kwashe kafin su kai kashi na talatin da tara. Safiyar da zai tafi ya ja kumatunta yana dariya.

"Zaitunata, in kika kalli ƙarshen nan ba ni, ni da ke ce."

Ta yi masa alkawari. Yau wata bakwai ke nan. An katse layin waya a Borno, babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Wasu direbobi sun ce sun ga motar a ƙone a hanyar Monguno, wasu sun ce an gan shi a Diffa. Kawunnansa har sun fara zancen a yi sadaka a haƙura. Ita kuwa kewarsa ta hana ta sakat, gani take muddin faifan nan yana cikin ledarsa, dole Musbahu ya dawo. Ta san ba hankali a ciki, amma da shi take rayuwa.

Sai dai jikin Inna kullum baya yake yi, ko kunu da ƙyar take sha. Ta taɓa gaya musu cewa lokacin da aka fara nuna wasan, ana gab da ƙarewa aka kai ta gidan iyayenta a ƙauye haihuwar Musbahu, shi ya sa har yau ba ta san ko 'yan'uwan nan sun shirya ba.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Zaituna ta daɗe riƙe da ledar kafin ta shiga ɗaki. Ta saka faifan, ta zauna ta ba talabijin baya, wai ita dabara, in ba ta gani da ido ba alkawari na nan.

Kiɗan farko ya tashi, aka yi sallama, aka ji ƙarar ƙofa.

"Wa ya shigo?" Inna ta tambaya. Sai ta yi ƙasa da murya. "Shi yakan faɗa min..."

A hankali Zaituna ta juya. Ta ce ƙanin ne, ya cire hula, ya durƙusa. Ta ce wan ya kau da kai, ga shi kuma ya miƙo hannu. Haka ta bi wasan tana faɗa, hawaye na shiga mata baki, har sunaye suka hau kan gilashi. Daga nan ta kifa kai a gwiwa ta saki kukan da ta yi wata bakwai tana riƙewa.

Inna Hajo ta lalubo kanta ta dafa.

"Share hawayenki, 'yar nan. Mayar da faifan cikin ledar, ki ɗaure yadda Musbahu ya ɗaure. Idan ya dawo mu zauna mu uku, ki yi kamar ba ki gani ba, ni ma in tambaye shi wa ya shigo."