Zoben Ƙofar Tsamiya

Ranar Asabar da hantsi rahoto ya iso caji ofis a Rano: zoben ƙarfen da ke jikin ƙyauren Ƙofar Tsamiya ya ɓace.

Insfekta Habibullahi bai nemi kwatance ba. Yana yaro, duk ranar jarrabawa sai ya taɓa zoben nan kafin ya wuce makaranta. Haka amare ke yi, haka maniyyata. Yanzu kuwa baƙi ne ke zuwa daga Kano su ɗauki hoto da shi.

Tuni an tsare Jabiru, mai zagayawa da baƙin, wai ya sayar wa 'yan gwangwan.

"Yallaɓai, da zoben nan nake ciyar da iyalina," in ji Jabiru. "In sayar in ci me?"

Insfekta ya je ya duba ƙyauren. Ramukan ƙusa huɗu, ko tsaga babu a katakon. Ya sa ɗan yatsa, ya ji an cike su da kakin zuma.

Iya Saude mai fura tana zaune a inuwar ƙofar.

"Iya, wa ke kula da ƙyauren nan?"

"Malam Sallau mana, tun kakansa. Duk Juma'a sai ya shafe shi da man kaɗe. Amma tun da aka ce Litinin za a cire ƙyauren a sa sabo mai fenti, bai sake leƙowa ba."

"Har jiya?"

Ta shiga dama furar da ba wanda ya saya. "Ni ban ga kowa ba."

Insfekta ya shinshina yatsansa. Ƙanshin man kaɗe, sabo.

Ya sami Malam Sallau a zaurensa, kan buzu.

"Baba, yaushe rabonka da ƙofa?"

"Wata guda. Ƙafa ta hana."

"Wani ya ɓata mana ƙyaure da kaki. Zan sa a kankare."

"Kul! In aka bar ramukan a buɗe gara za ta..."

"Ɗan gwangwan ba ya tausayin katako, Baba. Ga Jabiru can a bayan kanta."

Tsohon ya jawo ƙunshin farin ƙyalle daga ƙarƙashin buzun, ya kwance, sai ga zoben.

"Ku saki bawan Allah, ni na cire. Da kunnena na ji ɗan kwangilar da zai sauya ƙyauren na cewa a zuba tarkacen a mota. Tarkace, Habibu! Ni nake ɗaga ka ka taɓa shi, hannunka bai kai ba. Ka manta?"

"Ban manta ba, Baba. Amma sai mun je ofis."

Bai sa masa ankwa ba. Sandarsa ma ya miƙo masa.

Hanyar ofis ta ƙofar ta bi. Da suka iso, Malam Sallau ya ɗaga hannu kamar kullum, ya shafa gurbin. Insfekta ya tsaya jiransa, zoben na masa nauyi a aljihu.