Bulon Kango

Da yamma lis hadari ya taso, matar tela ta ce masa ya je ya rufe buhunan siminti kafin ruwa ya sauko. Ya ɗauki tamfol ya nufi sabon ɗakin da yake ginawa a bayan gida.

Wata uku ke nan da ya sha alwashin zai gina ɗakin nan da hannunsa. A gaban surukinsa ya faɗa, tsohon magini da ya shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini, har da cewa ɗinki da gini duk layi ne, wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayan. Tsohon murmushi kawai ya yi. Murmushin nan shi ya hana tela sukuni, don ya fi son ƙasa ta tsage ya shige da a ce ya kasa a gaban uban matarsa.

Sai dai akwai abu biyu da bai faɗa wa kowa ba. Na farko, bulon ba sayensa ya yi ba. Daga kangon da ke ƙarshen layinsu ya kwaso shi a baro, kaɗan-kaɗan, da asuba kafin mutane su fito. Gida ne da aka daɗe da bari, ba a san mai shi ba, ya ce a ransa ai banza ce ta faɗi. Na biyu kuwa ya fi nauyi. Duk layin da ya jera da yamma a karkace yake barinsa, kamar haƙoran tsohuwar akuya, amma da safe sai ya tarar da shi sambal, an gyara, an share bakin simintin tsaf. Maƙwabta suka yi ta yabo, shi kuma ya yi ta karɓa, har yana koya musu yadda ake jan igiya.

Ranar da surukin ya zo dubawa, ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannu. Daga nan ya tambayi tela da wane hannu yake riƙe almakashi. Tela ya ce da dama. Tsohon ya sake kallon sawun cokalin da ke jikin simintin, ya ce aikin bahago ne wannan, kuma ya daɗe bai ga irinsa ba. Tela ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kawo wata magana. Bai gaya masa cewa kwana huɗu ke nan a jere yana tarar da layin bulo ɗaya an gitta a bakin ƙofa ba, yana rushewa a ɓoye kafin matarsa ta tashi.

Ya shiga ɗakin. An riga an buga kwano, taga ɗaya ce ƙarama, ita ma ya sa mata ƙarfe. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyi. Ya shimfiɗa tamfol a kan buhunan, ya danne gefe da dutse.

Sai ya ji wari. Warin ɗanyen siminti, alhali rabonsa da kwaɓi tun jiya. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani, na ɗakin da ya shekara a rufe.

A bayansa wani abu ya yi ƙara. Ƙarfe a kan bulo. An kankare, an dangwala, an ƙwanƙwasa sau biyu da ƙotar cokali.

Ya san sautin nan. Haka surukinsa yake zaunar da bulo.

"Baba?" ya faɗa a hankali.

An sake kankarewa.

Ya juya. Bakin ƙofar ya tashi har gwiwa, layi uku, simintin yana sheƙi. Yana kallo wani bulo ya hau na huɗu. Hannun da ya ɗora shi dogo ne, busasshe, fari fat da ƙura. Hannun da ke riƙe da cokalin kuwa na hagu ne. Bai ga fuska ba. Daga ciki mai ginin yake, a tsugune cikin duhun da ke gefen ƙofar, tsakaninsa da waje.

Ya ja da baya har ya jingina da buhunan.

Layi na biyar. Ginin ya kai ƙugu.

Murya ta fito can ƙasa-ƙasa, ba fushi a cikinta, irin ta mai aikin da ba ya son a dame shi.

"Ɗakina ba shi da ƙofa ta nan."

Layi na shida.

Ruwa ya fara buga kwano. Daga tsakar gida ya jiyo matarsa tana kwashe shanya, tana yi wa yara faɗa su shiga ciki. Taku goma ne tsakaninsu. In ya yi ihu za ta zo. In ta zo za ta gani, ubanta zai ji, layin duka zai ji. Abin kunya, ko a lokacin sai da ya tsaya yana wannan tunani.

Ginin ya kai ƙirji.

Hasken da ya rage bai fi faɗin matashin kai ba.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Bulonka ne. Ban tambaya ba. Zan mayar."

Cokalin ya tsaya.

Bai jira ba. Ya yi tsalle ya kama saman ginin, ya cusa kai da kafaɗu. Ɗanyen simintin ya zame, bulo ya karce masa ciki. Wani abu mai sanyi ya shafi diddigensa, kamar ana auna shi. Ya faɗo waje da fuska cikin taɓo, yana kiran matarsa da iyakar ƙarfinsa.

Da ta zo da fitila, ƙofar a toshe take har sama.

Washegari ya aika aka kira surukinsa, ya faɗa masa komai kansa a sunkuye, matarsa tana tsaye a bakin ɗaki ta rufe baki da mayafi. Tsohon ya ce tun ranar da ya shafa bangon ya sani, jira yake ya ji daga bakinsa. Sannan ya ce abin da aka ɗauko da asuba, da rana tsaka za a mayar da shi.

Kwana shida tela yana rushe ɗakin yana tura baro, daga gidansa zuwa kango, ta gaban shagon mai aski da teburin mai kayan miya, ta gaban duk waɗanda ya koya wa jan igiya. Ba wanda ya tambaye shi komai, shi kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Duk bulon da ya zube da rana, da safe sai a gan shi a jere a jikin kangon, sambal. Mutanen layin suka daina bi ta nan in rana ta faɗi.

Bayan damina ya sayi sabon bulo ya sake farawa, surukin yana zaune a kan kujera yana nuna masa da sanda. Ɗakin yana nan, bangon gabas ya ɗan yi ciki, kowa ya shigo sai ya lura. Kullum da safe, kafin ya tafi shago, tela yakan zagaya ya duba. Sai ya ga bangon yana nan a karkace yadda ya bar shi, sannan hankalinsa yake kwanciya.