Baƙon da Ya Tare a Shafin Shago

Da magariba abin ya fara. Mai ɗinki tana naɗe yadi, sai wata da ta saba yi wa ɗinki ta kira ta a waya. Wai ta shiga shafin shagon na intanet don ganin sababbin riguna, sai aka jefa ta wani shafi baƙi ƙirin, ga hoton 'yar mai ɗinkin cikin likkafani.

Auta, 'yar tata, ita ta gina shafin. Tana zaune a tsakar gida, lafiya ƙalau. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufi. Sai wata.

Washegari uwar ta kira ƙaninta, wanda binciken shafuka ne sana'arsa. Ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, har ya gano wasu layuka da aka cusa can ƙasa, su ke karkatar da masu shiga. Ya goge su, ya canja kalmar sirri. Kafin ya miƙe sun dawo.

"Yaya, wannan ba aikin mutum ba ne," ya ce.

Daga bayansu Auta ta yi dariya da kakkaurar muryar namiji. "Goge, Kawu. Ƙara gogewa."

Bayan la'asar aka kawo malamin ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu, Auta na murƙususu a kan tabarma, kafin muryar ta amsa.

"Yarinyar nan ce ta shigo da ni. Ta tsinci adon shafi na kyauta, ta sauke, ba ta tambayi mai shi ba."

"Fita," in ji malam.

"Ɗaya zan saki. Shagon ko yarinyar. Uwar ta zaɓa."

Malam ya ɗaga hannu kada ta tanka, amma tambayar ta riga ta shige ta. Shekara ashirin a kan keken ɗinki, tun rasuwar mijinta. Numfashi biyu ta yi shiru.

"Yarinyar!" ta ce.

Muryar ta kece da dariya. "Riƙe duka biyun. Na ji shirunki. Ita ma ta ji."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Kawu ya sake dubawa, shafin tsaf.

Uwar ta durƙusa za ta rungume ta. Auta ta janye kafaɗa, ta dube ta da idanunta na gaske.

"Mama, tunanin me kika tsaya yi?"