Sunan da Malam Tulu Bai Taɓa Ji Ba

Malam Tulu ya gaya wa Ramlatu cewa uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Da hantsi ne, ana tsakiyar darasi. Ya haska rubutu a bangon falo yana koya wa yaran abin da ake nufi da suna. Bilya, ɗan shekara huɗu, yana kwance rubda ciki yana jera waken da aka ba shi don ƙidaya, yana fakar ido yana kai wasu baki. Ramlatu, 'yar shekara bakwai, ta ɗaga hannu, ko da yake ajin daga ita sai ƙaninta.

"Malam, kowa da sunansa?"

"Kowa da kowa."

"To Umma me take ce mini?"

Idonsa guda ɗaya ya juyo kanta. "Tana ce miki ke. Wani lokaci yarinyar nan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ji ta kira sunanki ba. Na Bilya kuwa kullum tana kira."

Barira, uwar yaran, tana kicin tana dama koko. Ta ji komai. Ludayin ya tsaya a hannunta.

Malam Tulu ba mutum ba ne. Na'urar karantarwa ce mai tafiya a kan taya, ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, shi ya sa yaran suka laƙaba masa sunan. A birnin Tudun Rana gidaje hawa-hawa ne, an rufe tituna da rumfunan gilashi masu zuƙar hasken rana, gonaki kuma a saman benaye suke. Zafi ya kai inda iyaye da yawa suka daina tura ƙananan yara makaranta, suka mai da falonsu aji. Barira tana cikinsu. Aikinta lura da bututun ban-ruwa na gonakin sama, kuma daga gida take yi, ta allon da ke manne a bangon kicin. Mijinta Sa'adu yana gyaran layin dogo na sama, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Barira da Malam Tulu suka raba aiki. Lissafi da karatun boko nasa ne. Alwala da fatiha, gaisuwa da tatsuniya, da yadda ake dasa tumatir a tukunya, nata ne.

An ƙera shi da kunnen da ba ya mantuwa. Yana riƙe muryar kowa a gidan don ya gane wanda ya fahimci darasi da wanda ya gaji. Waɗanda suka yi shi sun ɗura masa littattafai masu yawa. Ba su ɗura masa alkunya ba. Bai san cewa a gidajen da suka riƙe al'ada uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane, ba ta yabonsa ba. Ya ji, ya faɗi abin da ya ji.

Da azahar Barira ta zuba tuwo. Kamar kullum, ta zaɓi tsokar da ta fi laushi, ta tura ta ƙarƙashin malmalar Ramlatu, ta rufe da miya.

"Ke, zo ki ɗauka."

Ramlatu ba ta taso ba.

"Ke, ba da ke nake ba?"

Ramlatu ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. "Sunana ba ke ba ne."

Ta ɗauki kwanon, ta taɓa gefen tuwon, ta ture. Da Barira ta zo kwashe kwanuka, tsokar tana nan inda ta ɓoye ta.

Abin bai wuce ba. Washegari Ramlatu ta yi alwala daidai, ta gaishe da uwarta daidai, amma in an ce ke sai ta kalli bango. Ta daina ɗaga hannu a darasi. Ta daina bin Barira saman bene duba tumatir. Da Bilya ya zubar da koko a tabarma, Barira ta ce, "Bilya, Allah ya shirye ka," sai ta ga yarinyar ta ɗago ido ta bi sunan da kallo kamar ana raba alewa an tsallake ta.

Barira ta gwada. Ta rufe ƙofar kicin, ta buɗe famfo don kada a ji, ta buɗe baki. Harafin farko ya zo kan harshe ya tsaya. Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗaki. Bayani ma ba zai yiwu ba, don uwar da ta zauna ta ce wa ɗiyar farinta ga irin son da nake miki ta riga ta karya abin da take karewa.

Ta kira Sa'adu a waya. Yana can sama, iska tana kaɗa muryarsa.

"Ki faɗa mana, Barira. Sau ɗaya. Zamani ya wuce nan."

"Kai ka faɗa."

"Ni ai 'yar Baba nake ce mata."

"To ka gani."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da yaran suka kwanta baccin rana, ta tsaya gaban na'urar, hannu a ƙugu.

"Kai, wa ya aike ka?"

"Tambayata ta yi, na ba ta amsa," in ji Malam Tulu. "Na lura karatunta ya ja baya tun ranar. Ina da gyara. Muryarki tana wurina, kowane sauti nata. Zan iya haɗa sunan da muryarki, in kira ta da shi kowace safiya. Ba mai iya bambance shi da naki. Ita za ta ji, ke kuma ba ki faɗa ba. Amincewarki kawai nake jira."

Barira ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta koma kan bututunta.

Ranar Alhamis Iya Hanne, mahaifiyar Barira, ta zo daga tsohon gari. Ta ƙi shiga akwatin hawa bene, ta ce ba za ta shiga abin da ba ta ga mai jansa ba. Ta tako matakala da ƙullin daddawa a ka, tana haki.

"Ke! Fito ki karɓi kaya, ƙafata ta mutu."

Barira ta fito da sauri, ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi ƙullin. Iya Hanne ba ta ko dube ta ba. Bilya ta cafko.

"Ga mijin banza. Kullum ciki gaba, ko zane ba ka taɓa saya mini ba."

"Na sake ki," in ji Bilya.

"Da bakin wake za ka sake ni? Tafi can."

Allon kicin ya yi ƙara, wani bututu ya toshe a gonar sama. Barira ta hau dubawa. Ramlatu ta matso kusa da kakarta, tana murza bakin tabarma.

"Iya, me kika ce wa Umma ɗazu?"

"Me na ce? Ke na ce."

"Ba ki san sunanta ba?"

Tsohuwar ta tuntsire da dariya har ta yi tari. "Ni da na yi naƙudarta? Sai da aka raɗa shi a kunnena kafin a faɗa wa maza a zaure. Amma tun daga ranar bai fita bakina ba, kuma har in mutu ba zai fita ba. Ita ce ta fari. Sunan sauran na kira shi har ya gaji, na zage su da shi, na aike su da shi. Nata yana nan inda na ajiye."

"Malam Tulu ya ce..."

"Wannan randar? Me ta sani?" Iya Hanne ta harari na'urar da ke tsaye a kusurwa. "Lokacin da kika yi ƙyanda kina jaririya, ni ke riƙe da ke. Waccan tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, wai ita ba ruwanta. Har kika warke ba ta gama tsince tiren nan ba, kuma ba ta ci abin kirki ba. Bari in tambaye ki. In an zuba miki tuwo, ina namanki yake?"

"A ƙasa."

"Na Bilya fa?"

"A sama."

"Wanne ya fi girma?"

Ramlatu ta daina murza tabarmar. Can ta ce, "Ke ma haka kike mata?"

"Kin cika tambaya kamar ɗan sanda. Tashi ki kawo mini ruwa."

Barira ba ta ji wannan hirar ba. Da ta sauko, ta tarar da yarinyar zaune ta yi tagumi, ta ɗauka abin ne yake ƙara ci. Ta kwana da shi a rai. Da safe, kafin yaran su fito, ta je gaban na'urar ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "Ka yi."

Aka shimfiɗa tabarma. Bilya ya baje wakensa. Iya Hanne tana gefe tana jan carbi. Barira ba ta shiga kicin ba, ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu. Malam Tulu ya gangaro tsakiyar falo, bai haska bango ba.

"Kafin darasi akwai saƙo. Ramlatu, mahaifiyarki ta amince in kira sunanki da muryarta, yau da kowace safiya. Zai fito daidai kamar daga bakinta."

Ramlatu ba ta kalli na'urar ba. Ta kalli uwarta. Barira ta sunkuyar da kai cikin tire, yatsunta suna tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya.

"Ke," in ji Barira, murya can ƙasa, "ana miki magana."

"Na'am, Umma."

Yatsun suka tsaya. Iya Hanne ta ci gaba da jan carbinta kamar ba ta ɗakin.

"In fara?" in ji Malam Tulu.

Ramlatu ta gyara zama, ta jawo littafinta gabanta.

"A'a. Ba na so."